Gwaggo da Tukunyar Yakuwa

Da sunan Allah, wanda Yake ba mu aron mutane, Ya kuma karɓi abinSa ranar da Ya so.

Gwaggo ta rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinta nan Garuwa, bayan an gama kwashe amfanin gona. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ce autarsu. An yi mata sutura kafin azahar. Muka dawo daga maƙabarta muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ni da Baba da ɗanta namiji, muna karɓar gaisuwa.

Washegari matata ta aiko a kira ni zaure. Ta ce, "Malam, leƙo ka ga abin da ake ta kawowa."

Na leƙa. A gindin bango, kusa da randa, kwalabe ne a jere, babu komai a cikinsu, an wanke su tas. Mace za ta shigo da sallama, ta yi ta'aziyya, sannan ta kwance bakin mayafinta ta ajiye kwalba ta wuce. Ina nan tsaye wani ɗan moto ya kashe mashin, ya zo ya durƙusa ya miƙo mini tasa.

Ya ce, "Malam, wannan ta daɗe a wurina. Duk inda ta gan ni, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ta ce, kai ɓarawon kwalba, ina kayana? Ni kuma in ce gobe."

Ya tashi ya koma wajen mashinsa. Maƙwabciyarta, wata Kirista mutuniyar garin Gidar da suka yi shekaru katanga ɗaya, ta zauna a ƙofar ɗakin tana magana rabi Fillanci rabi Hausa. Ta ce 'ya'yanta biyar, babu wanda bai yi jan hannu da yakuwa a tsakar gidan nan ba. Wata kuma ta tuna yadda Gwaggo ta taɓa korar ta da muciya, ta fashe da dariya a tsakiyar makoki, ta rufe baki, dariyar ta koma kuka. Baba dai amin kawai yake ta cewa.

Ganin haka na ce bari in rubuta abin da na sani game da ita, kafin mu ma a kawo mana gaisuwa. Da ajami na rubuta, don shi hannuna ya saba da shi. 'Yata ce ta juya shi zuwa boko.

Abin da ke shiga kwalaben nan, Turawa suna ce masa kwamfitir. Mu yaran unguwa zumar Gwaggo muke cewa. Da jan soɓorodon yakuwa take yin ta, wanda a nan aka fi sani da folere. A dafa shi da sukari har ya yi kauri, a shafa a burodi, ko a ɗiga a kan masa. Kowa a unguwar ya sha ta. Mutum ɗaya ne ya yi kusan shekara arba'in bai sa ta a baki ba, shi ne mahaifina, kuma dalilin haka shi ne babban abin da ya tsaya wa Gwaggo a rai.

Mijinta dillalin shanu ne. Ya rasu ya bar ta da yara biyu ƙanana. Da ta fita takaba, Baba ya yanke shawara irin ta manya: ta dawo gidanmu, namijin a kai shi wurin wani kawunsu a Ngong, macen kuma a ba wata 'yar uwa riƙo. Gwaggo ta ce ba a raba mata yara. Baba ya ce shi ne babba. Ita kuwa ta nemi aiki a kicin ɗin wata Baturiya, matar wani ma'aikacin kamfanin auduga, ta riƙa fita da safe tana dawowa da yamma. Gidanmu gidan fatake ne, kakanninmu da jakuna suka zo ƙasar nan, ba a saba ganin 'yar gidan tana wanke wa wani kwano ba. A kasuwa aka riƙa tsokanar Baba. Wani ya ce masa, "Alhaji, an ce yanzu ku ma da cokali mai yatsu kuke cin tuwo." Ya haɗiye, amma bai manta ba.

Bayan shekaru Turawan suka koma ƙasarsu. A kakar shekarar Gwaggo ta dafa tukunyarta ta farko da yakuwar gonarta, ta zuba a kwalba, ta kawo wa yayanta da hannunta. Ina da shekara bakwai ko takwas, ina nan a zaure. Akwai baƙi biyu daga kasuwa, kuma ina jin da ba su nan da abin bai kai haka ba.

Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga abin taɓawa."

Ya ce, "Mene ne?"

"Yakuwa ce. Can na koya."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi murmushi. Baba ya dube shi, ya dubi kwalbar, ya ce, "Wallahi, Auta, bakina ba zai taɓa abin da kika koyo a gidan nan ba."

Ta ɗan jima a durƙushe. Sannan ta ce, "To, Yaya. A ba yara." Ta tashi ta tafi.

Ba su yi gaba ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Yana zuwa gaishe ta, tana zuwa gaishe shi. Shi ya aurar da 'yarta. Amma rantsuwar tana nan tsakaninsu, kowa ya san da ita, ba mai ambata.

Ranar tukunya babbar rana ce a wurinmu. Tana zuwa bayan an cire gyaɗa, lokacin da yakuwa ta yi ja ta cika gefen gonaki. Gwaggo takan zaɓi ranar da babu lekol, wato makarantar boko, ta aika gida gida: duk yaron da ke son zuma ya zo da hannunsa a wanke. Tun da sassafe za mu tarar da kwanduna a ƙarƙashin darbejiya. Mukan kai goma sha wani abu, 'yan gida da na maƙwabta, Hausawa da Fulani da 'ya'yan mutuniyar Gidar, kowa da yaren da yake zagin ɗan uwansa da shi.

Aikin farko shi ne cire gurguzu, wato ƙwallon irin da ke cikin soɓorodon. Ta yanka ƙarfen wata tsohuwar lema gunduwa gunduwa, kowa ya ɗauki ɗaya. Ka kafa bakin ƙarfen a gindin soɓorodon, ka murɗa, ka tura, ƙwallon ya fito ta sama. Wanda ya ƙware sai ya bar jan ɓawon lafiya kamar hula. Wanda bai ƙware ba sai ya yayyaga shi, Gwaggo ta ɗaga ta nuna wa kowa ta ce, "Ku ga aikin mahauci." Kafin hantsi yatsunmu sun rine, kuma yakuwa tana da ƙaiƙayi, sai ka ga yaro yana susa da gwiwar hannu don an hana shi sa yatsa a jiki.

Ba ta zubar da gurguzun. Nan ne sirrinta yake, kuma ba ta ɓoye shi, mutane ne ba su da haƙuri. Takan tara ɗanyun, masu kore, ta dafa su daban har ruwan ya yi yauƙi, ta tace da rariya. Da wannan ruwan take dafa jan ɓawon. Ta ce shi ke sa zumar ta kama jikinta. Matan da suka gwada a gidajensu suka sami ruwa tsululu sukan zo da ƙorafi, ta tambaye su, "Ina gurguzun?" Su ce sun ba akuya. Ta ce, "To, akuyar ce ta sha zumar."

Idan an zuba sukari da ɗan citta, sai juyi. Manyanmu ne ke riƙe muciya, bi da bi, ita tana tsaye a kai. Ba a barin tukunya ko don fitsari. Kumfar da ke tasowa takan kwashe da ludayi ta zuba a faranti, wannan rabon ƙanana ne, su dangwala da gutsuren burodi suna korar ƙudan zuma. Tana da maganganunta da ba sa canjawa. "Wuta kaɗan, hannu da yawa." "Wanda ya sa jiƙaƙƙen cokali a kwalbata, shi da Allah." Idan kuma za ta ba ka, sai ta riƙe kwalbar ba ta saki ba tukuna, ta ce, "Na ciki kyauta ne. Kwalbar aro ce."

Wata shekara babbar 'yar maƙwabciyarta ce ke juyi. Aka yi hayaniya a waje, an kama wani biri da ya shigo unguwa, duk muka ruga kallo, ita ma ta saki muciya ta bi mu. Da muka dawo ƙauri ya cika gidan. Yarinyar ta tsaya a tsorace, don uwarta mai zafin hannu ce, ga shi har ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya yi. Gwaggo ta ɗago ta ce, "Ni ce. Na sa itace ya yi yawa." Daga baya na tambaye ta ko wannan ba ƙarya ba ce. Ta ce, "Na sa itacen ko ban sa ba? Je ka tambayi malaminka." Ta juye na saman a wata tukunya, ta ba yarinyar ƙanzon ta ce ta kankare ta cinye. Shekarar da ta biyo, ita ta fara miƙa wa muciya.

Ni aikina rubutu ne. Da ta ga na fara iya haɗa baƙi, sai ta sa ni in riƙa rubuta wa kowace kwalba mai ita a 'yar takarda, a manna da ƙaro. Ita ba ta karatu, amma ta gane siffar kalma ɗaya. Kwalbar farko, wadda ta fi kowace kyau, takan ce, "Rubuta: ta Yaya." Ta duba da kyau ta tabbata ita ce, sannan a ɗora mini in kai.

Baba yakan karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Allah Ya yi mata albarka." Ya miƙa wa Inna, mahaifiyata, a ba yara. Da safe muna shan shayi muna shafawa a burodi, shi yana cin nasa gaya. Wani lokaci sai ya tambaya, idonsa a kan carbi, "Ta bana ta yi kauri?" Mu ce ta yi. Ya ce, "To."

Kuma duk kaka, kwana biyu ko uku kafin ranar tukunya, sai ga mai amalanke a ƙofar Gwaggo da buhun sukari daga shagon Baba, da saƙo cewa na shayi ne. Ta riƙe baki ta ce, "Shayin wa? Ni kaɗai zan sha buhu? Ku ce wa Yaya na gode, shayi zai yi zaƙi." Ko a shekarun da ƙasa ta shiga matsi, aka rage wa ma'aikata albashi, kuɗinmu ya faɗi, shaguna suka yi ta rufewa, buhun bai fasa zuwa ba. Ya dai koma rabi. A shekarun nan ta rage girman kwalabe, amma ba ta rage yaro ko ɗaya ba. Da aka ce ta riƙa sayarwa tunda abin yana da farin jini, ta ce abin da yara suka yi wa aiki ba ya shiga kasuwa.

Da na girma na yi karatu gwargwado, na ga abin yana da mafita mai sauƙi. Wanda ya rantse a kan barin abu, sannan ya ga yin sa ya fi alheri, sai ya yi, ya ciyar da miskinai goma. Na fara zuwa wurinta, na ce ko ta daina aikawa, tunda ba ya sha, ta huta da ɓacin rai.

Tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai kana zaton zaƙi nake so ya ji? Yaya ya fi ni sukari. Shekara shida na yi a kicin ɗin nan. Ban ci haram ba, ban sha haram ba, ban bar salla ba. Da shi na riƙe yarana a ɗaki ɗaya. So nake ya sa a bakinsa, in san ya yarda ba abin kunya na yi ba. Shi ke nan. Ba na so in tafi da wannan, ba na so shi ma ya tafi da shi."

Na ɗauki maganar na je wurin Baba, da ƙuruciyar mai sabon karatu. Na zauna na jero masa hukuncin kaffara tun daga farko. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Ka gama, Malam?"

Na ce na gama.

"Tun ba a haife ka ba na san wannan babin. Kana ganin abincin mutum goma ne ya gagare ni?"

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na jima kafin in gane abin da yake nufi. Idan ya sha, ya amsa cewa ita ce ta yi daidai ranar da ta hana a raba yaran, shi ne ya yi kuskure. Wannan ne ya yi masa nauyi, kuma kowace shekara nauyin ƙaruwa yake. Ban sake tayar da maganar ba. Na bar wa Allah, ina kallon su biyu suna tsufa.

Daminar da ta wuce ciwo ya kwantar da ita. Aka yi ta zuwa asibiti ana dawowa. Da kaka ta zo, 'yarta, wadda ta dawo gidan don jinya, ta ce bana a haƙura da tukunya. Gwaggo ta ce yakuwa ba ta san ana ciwo ba. Aka aika gida gida kamar kullum. Yanzu jikoki ne da 'ya'yan waɗanda muka yi jan hannu tare. Aka fito da ita aka jingina ta da matashi a gindin darbejiya, tana ba da umarni da 'yar muryar da ta rage mata.

Bayan la'asar na rako Baba ya duba ta. Yana tafe da sanda, a hankali. Muka tarar tukunya ta kusa, tana tafasa a nauyaye, 'yarta tana juyi, yara sun kewaye da burodi a hannu. Aka kawo masa kujera. Suka gaisa.

"Auta, ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya. Shayi ya iso, na gode."

Ta sa aka ɗebo kaɗan a cokali aka kawo mata. Ta hura, ta lasa, ta juya shi a baki, ta girgiza kai.

Ta ce, "Maganin nan ya kashe mini harshe. Komai kamar ruwa. Ban san ko ta yi ba."

Yara suka ɗauka gaba ɗaya, "A ƙara sukari! A ƙara sukari!"

Ta ce, "Ku rufe mini baki, ku ko buhun aka juye haka za ku ce." Ta dubi 'yarta, ita kuwa ta ce azumi take. Na miƙa hannu zan karɓi cokalin. Gwaggo ba ta ko dube ni ba. Ta sa aka sake ɗebowa a wani cokalin, ta riƙe shi da hannunta, ta miƙa wajen kujerar.

"Yaya, duba mini."

Yaran ba su san komai ba, amma sun ga fuskokinmu, suka tsaya suna kallo. Zumar tana neman ɗiga a zanenta, ba ta janye ba. Baba ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Goma ka ce?"

Na ce, "Goma, Baba."

Ya jingina sandarsa, ya karɓi cokalin, ya yi bisimilla. Ya daɗe da ita a baki, idonsa a rufe. Sannan ya ce, "Tsami ya yi yawa."

Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu. Shekara nawa ina jira, abin da zan ji ke nan?"

"To ƙarya kike so in yi miki?"

"A ƙara ludayi biyu," ta ce wa 'yarta. Yara suka yi ihu. Aka ƙara, aka juya, aka sake kawo masa. Ya sha ya ce yanzu ta yi. Ya nemi gutsuren burodi a hannun wata jikarsa, ya dangwala a farantin kumfa tare da ƙanana. Hawaye yana bin gemunsa, yana tauna, ba wanda ya nuna ya gani. Ya buɗe baki ya ce, "Auta, wancan lokacin…" Ta ce, "Yaya, bari a sauke, kada ta kama."

Washegari da safe ya sa Inna ta dafa shinkafa da nama. Ya hana a aika da shi masallaci kamar yadda aka saba. Ya ce a kirawo mutanen su zo zaurensa, zauren nan dai. Aka samo goma daga cikin mabuƙatan unguwa da masu dako na bakin kasuwa. Da suka ƙoshi ya sa aka kawo burodi, ya buɗe kwalbarsa ta bana da kansa, ya riƙa shafawa yana miƙa wa kowa. Wani tsoho a cikinsu ya tambaya wannan mene ne.

Baba ya ce, "Ƙanwata ce ta yi. Aiki ta yi ta koyo shi, lokacin da mijinta ya rasu. Da guminta ta riƙe marayunta, ba ta bari an raba su ba. Ni na so a raba. Ku sa mata albarka."

Na tafi na same ta a kwance, na faɗa mata. Ta ce, "Me ya ce?" Na maimaita. Ta ce, "A zauren?" Na ce a zauren, gaban mutane. Ta ce in sake faɗa tun daga farko, kada in tsallake komai. Na sake. Ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma ta ce, "Ka ce masa kada ya sha da yawa, ba yaro ba ne."

Bayan wannan ta yi sati uku.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo Maka. Ta ciyar da 'ya'yan mutane ba ta tambayi na wane ne ba, ta yi haƙuri da ɗan uwanta har Ka sauko da zuciyarsa tana da rai. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita abin da ya fi wanda ta shayar da mu. Ka ba Baba haƙurin rashinta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.